Hangen Dala ba shiga birni ba: Abin da ya kamata ku sani kan madubin saitin bindiga

Duk mai bin hanyar Minna zuwa Zungeru, ko wadda ta nufi Sarkin Pawa, ya saba da ganin jami'an tsaro a shingaye. Jefi-jefi a kan ga ɗaya daga cikinsu da bindiga mai wani baƙin bututu a gadon bayanta, gilashi gaba, gilashi baya. Yaranmu sun riga mu sanin wannan bututu, don kullum suna cikinsa a wasannin waya irin su PUBG da Free Fire: ka danna, abu ya matso, ka ɗora masa gicciye, magana ta ƙare. Finafinan Amurka da na Indiya ma haka suke nuna shi. Daga nan mutane suka ɗauka cewa wanda ya mallaki wannan madubi ba ya kuskure, kuma iya girman lambar da ke jikinsa, iya ƙarfinsa. Duka biyun tatsuniya ce.

Madubin saiti ba ya ƙara wa harsashi gudu ko nisa ko da taku ɗaya. Aikinsa biyu ne kacal: ya zuƙo abin da ido ke kallo, sannan ya ɗora masa alama. Ilimin da ke cikinsa kuma ba na soja kaɗai ba ne. Shi ne a cikin na'urar 'yan safiyo da ake kafawa a kan ƙafa uku idan za a yi titi ko a yanka filaye, shi ne kuma a madubin hangen nesa da ake neman jinjirin wata da shi. Don haka ko mutum bai taɓa riƙe bindiga ba, kuma ba shi da niyya, akwai abin ƙaruwa a nan.

Tushen ilimin tsoho ne. Wajen shekara dubu da suka wuce, Alhasan Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya rubuta Kitabul Manazir, inda ya tabbatar da cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido, ya kuma yi bayanin yadda haske ke lanƙwasa idan ya ratsa ruwa ko gilashi. A 1608 wani mai haɗa tabarau a ƙasar Holan, Hans Lipperhey, ya nemi a yi masa rajistar madubin hangen nesa, shekara guda bayan haka Galileo ya ƙera nasa ya fara duban sama. Sai a ƙarni na 19 aka fara ɗora shi a kan bindiga da gaske, har aka yi amfani da shi a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865.

Lambobin da ke jikinsa

A jikin kowane madubi akwai lambobi, misali 3-9x40. Na farko suna nufin yana zuƙo abu daga ninki uku zuwa ninki tara, gwargwadon yadda aka murɗa zoben da ke wajen ido. Lambar ƙarshe, 40, faɗin gilashin gaba ne a ma'aunin milimita. Idan aka rubuta 4x32, ninkinsa huɗu ne, ba ya gaba ba ya baya.

Ma'anar ninki kuwa mai sauƙi ce. Tsawon filin ƙwallo irin na Bako Kontagora ya ɗan haura mita 100. A ce akwai tankin ruwa a nisan fili shida jere, wato wajen mita 600. Da madubi mai ninki shida za ka gan shi kamar kana tsaye a raga ɗaya, shi yana ɗaya ragar. Amma tankin yana nan inda yake. Iska da ƙura da zafin da ke tsakaninku duk suna nan, kuma su ma madubin ya zuƙo su tare da shi.

A nan ne masu son babbar lamba ke cin karo. Duk lokacin da aka ƙara ninki, sai an biya da wani abu. Abu na farko da ke tafiya shi ne faɗin abin da ake gani. Madubi mai 3-9x40, idan yana kan uku, yakan nuna fili mai faɗin wajen mita 11 a nisan mita 100. Da an kai shi tara, sai filin ya tsuke zuwa wajen mita huɗu. Mai kallo ya ga abu ɗaya sarai, amma ya makance ga duk abin da ke gefensa, ko da yaro ne ke tahowa a kan keke.

Sai rawar jiki. Babu ɗan'adam da ke iya tsayawa cak. Numfashi na motsa kafaɗa, bugun zuciya ma na motsa hannu. Kama doguwar gora daga gindi ka miƙa ta sama, za ka ga ɗan motsin da hannunka ya yi ya zama lilo a can ƙarshenta. To haka abin yake. A ninki huɗu da ƙyar a lura da rawar, a ninki ashirin kuwa hoton sai ya riƙa tsalle da kowane bugun zuciya. Madubin bai haifar da rawar ba, tona ta kawai ya yi.

Haske ma yana raguwa, kuma wannan yana da lissafi. Raba faɗin gilashin gaba da ninki, abin da ya fito shi ne kaurin hasken da ke isa ido. Idan gilashin 40 ne, ninki kuma huɗu, an sami milimita 10. A ninki tara ya koma huɗu da ɗoriya. Baƙin tsakiyar idon mutum yakan tsuke zuwa milimita biyu ko uku da rana tsaka, ya buɗe har zuwa wajen bakwai a duhu idan mai shi matashi ne. Shi ya sa madubin da ke nuna abu tas da hantsi yake dusashewa da almuru idan aka matsa masa ninki. Ingancin gilashin ma na da nasa rabon: gilashin da ba a yi wa komai ba yana mayar da wajen kashi huɗu cikin ɗari na haske a kowace fuska, kuma a cikin bututun akwai gilasai da dama a jere. A 1935 wani masani a kamfanin Zeiss na Jamus, Alexander Smakula, ya samo dabarar shafa wa gilashi wani siririn rufi da ke rage wannan asara. Shi ne launin kore-kore ko shuɗi-shuɗi da ake gani a fuskar gilashin kyamara. Bambancin madubi mai tsada da na araha yawanci a nan yake, ba a lambar ninki ba.

Wanda ya fi shafar mu a wannan yanki kuwa shi ne sararin da ke tsakani. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Minna ke neman digiri 40, duwatsun da suka kewaye gari da kwalta da rufin kwano duk suna fitar da tururin zafi. Iska mai zafi da mai ɗan sanyi ba sa lanƙwasa haske daidai wa daida, sai hoto ya riƙa kaɗawa. Ita ce kawalwalniyar da direba ke gani a gabansa kamar ruwa ya kwanta a titi. Da ido kawai ba ta cika damun mutum ba, amma a ninki ashirin ko talatin abin da ake kallo sai ya narke, ya riƙa ninkaya, har ya bayyana a gefen inda yake a zahiri. Gwanaye idan suka ga haka rage ninki suke yi. Daga Disamba zuwa Janairu kuma ga hazo, ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ranar da hazo ya sauka sosai, dutsen da ke bayan unguwa ma ɓacewa yake yi, kuma babu gilashin da zai dawo da abin da ƙura ta haɗiye. Da damina matsalar ta koma laima: madubin da ba a toshe shi da kyau ba yakan yi gumi daga ciki, in ya daɗe a ajiye har fumfuna ta kama gilashin. Masu inganci a kan cika su da iskar naitirojin a like don gudun haka.

Dubi abin da masu sana'ar ke riƙewa. Bindigar Dragunov ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet, wadda ta shiga aiki a 1963 kuma har yau tana hannun rundunoni da yawa, madubinta ninki huɗu ne. Sojan ruwan Amurka masu yaƙi a tudu sun shafe shekaru fiye da ashirin gwanayensu na aiki da mai ninki goma. Simo Hayha na ƙasar Finlan, wanda ake jingina wa harbe sojan Sobiyet fiye da 500 a yaƙin 1939 zuwa 1940, bai yarda da madubi ba ma sam, saboda yana yin gumi a sanyi, yana ƙyalli a rana, kuma yana sa mutum ɗaga kai. A gasar Olamfik ma an haramta madubi mai zuƙowa a harbin doguwar bindiga, alhali a harbin mita goma ɗigon da ke ba da maki goma faɗinsa rabin milimita ne.

Gicciyen da ke ciki

Labarin gicciyen ya faro ne daga gizo-gizo. Wajen 1640 wani matashi masanin taurari a Ingila, William Gascoigne, ya tarar gizo-gizo ya ja zare a cikin madubinsa, daidai wurin da hoto ke haɗuwa. Da ya leƙa sai ya ga zaren raɗau a kan abin da yake kallo, dukansu biyu tas. Ya gane cewa ya samu hanyar auna tauraro daidai. Bai daɗe yana cin moriyar abin ba, don ya mutu a yaƙin basasar ƙasarsu a 1644. Amma zaren gizo-gizo ya ci gaba da aiki a cikin na'urorin awo har zuwa yaƙin duniya na biyu, saboda siririntakarsa da ƙarfinsa. Yanzu waya ake sawa, ko a zana layukan a jikin gilashi.

Amfanin wannan ya fi na zuƙowar kanta. Mai saiti da ƙarfen bindiga yana fama da abu uku a lokaci guda: tsagar da ke kusa da idonsa, ɗan tsinin da ke bakin bindiga, da abin da ke can nesa. Ido ba ya iya kama ukun tas a tare, dole biyu su dusashe. Madubi ya tattara alama da abin kallo a fuska ɗaya.

Zanen iri-iri ne. Akwai layi biyu sirara da suka gicciya, amma sukan ɓace a cikin duhun ganye. A 1962 kamfanin Leupold na Amurka ya fito da mai kauri daga gefe, siriri a tsakiya, wanda ya zama ruwan dare a wajen mafarauta. Sai kuma masu ɗigo-ɗigo ko tsage-tsage a jikin layukan, waɗanda su ne ma'auni. Abin da suke aunawa kusurwa ce, kuma ma'auni biyu ake amfani da su. Ɗaya ana rubuta shi MOA, kashi ɗaya cikin sittin na digiri, wanda ke rufe kusan santimita uku a nisan mita 100. Ɗayan shi ne mil, mai rufe santimita 10 a mita 100, mita guda cur a mita 1,000. Da mil ɗin nan masu manyan bindigogin atilare ke lissafi, irin na Birged ta 31 da ke nan Minna.

Mil ya fi daɗin sha'ani. Idan ka san tsayin abu, ka san nisansa. Ƙofa mai tsayin mita biyu, in ta cike tsaga huɗu, tana nisan mita 500. In ta cike biyu kawai, mita 1,000 ke nan. An ce ido ba mudu ba, ya san ƙima, amma da nisa ya haura 'yan ɗaruruwan mita ƙimar ido ba abin dogaro ba ce, musamman a fili fetal ko a ƙetaren ruwa kamar tafkin Shiroro.

Wanda ke son ganin wannan da idonsa ba sai ya je bariki ba. Ɗaliban safiyo na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Gidan Kwano da shi suke koyon aiki. Ka roƙi mai safiyo ya bar ka ka leƙa na'urarsa: za ka ga gicciye, da wasu gajerun layuka biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Abokin aikinsa na can tsaye da doguwar sanda mai lambobi. Sai ya karanta inda layin sama ya faɗa a jikin sandar, da inda na ƙasa ya faɗa, ya cire ƙarami daga babba, ya ninka sau ɗari. Idan tazarar santimita 60 ce, sandar na nisan mita 60, ba tare da an ja igiya ba.

A wasu madubai tsage-tsagen na girma tare da hoto idan aka murɗa ninki, don haka awonsu daidai yake a kowane mataki. A wasu kuma zanen ba ya canzawa, sai ya zama awon gaskiya ne a ninki ɗaya tak. Akwai kuma wata yaudara da kowa zai iya gwadawa: miƙa babban yatsanka ka rufe wani abu da shi, ka rintse ido ɗaya, sannan ka sauya ido. Yatsan zai yi tsalle alhali bai motsa ba. Irin wannan na faruwa a cikin madubi idan hoto da zane ba su haɗu a wuri guda ba, mai kallo ya ɗan karkata kai sai gicciye ya zame. Abin da finafinai ba sa nunawa kuma shi ne ba a manna ido a jikin madubin bindiga. A kan bar tazarar wajen yatsu huɗu, don idan bindiga ta tashi takan yi tokari baya, kuma bakin bututun ya sha tsaga wa sababbin hannu gira.

Duk wannan gani ne kawai. Haske a miƙe yake tafiya, harsashi kuwa tun daga barinsa bakin bindiga yake faɗuwa. A cikin daƙiƙa guda abin da aka saki yakan faɗi kusan mita biyar, a daƙiƙa biyu kusan ashirin. Harsashin bindiga irin Dragunov mai kaurin milimita 7.62 na fita da gudun fiye da mita 800 a daƙiƙa, amma iska na rage masa gudu, kafin ya kai kilomita guda ya sauka mita goma ko fiye. Iska matsakaiciya daga gefe na iya kauda shi mita biyu a wannan nisa. Kuskuren milimita ɗaya a bakin bindiga kan zama wajen mita guda a can. Saboda haka rundunonin duniya ba sa tura gwanin harbi shi kaɗai, sai da abokin aiki mai duban iska da lissafi, bayan horo mai tsawo da harsasai masu ɗimbin yawa. Harbin nan da wani sojan Kanada ya yi a Iraƙi a 2017, daga nisan mita 3,540, harsashin ya yi kusan daƙiƙa goma a sama kafin ya isa. Ana ba da labarinsa ne saboda ba kasafai ake samun irinsa ba.

Bindigogin da ke hannun maharbanmu da 'yan banga kuwa babu abin da madubi zai tsinana musu. Bindigar toka da ake ɗura wa albarushi ta baki cikin bututunta sumul yake, ba ta da murɗaɗɗen zanen da ke sa harsashi ya juya ya miƙe, don haka amincinta bai wuce 'yan gomman mitoci ba. Mai baki biyu ita ma ƙananan ƙwayoyi take watsawa, da sun wuce mita arba'in ko hamsin sun tarwatse. Wanda ya ɗaura wa irin waɗannan madubi ya yi ado ne. Abin tsoron ma shi ne ya ga abu a nesa tas, zuciya ta raya masa cewa zai same shi, ya raunata dabba ta gudu ta mutu a banza, ko ya sami wanda bai nufa ba. Harsashin da ya kuskure kuwa ba tsayawa yake yi ba. Na bindigar soja na iya cin kilomita biyu zuwa uku kafin ya sauka, a gonar wani ko a tsakar gidan wani.

Me doka ta ce?

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Kashin farko haramtattu ne, irin su bindigogin soja, masu sarrafa kansu da ƙananan bindigogin hannu, kuma Shugaban Ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. Wanda aka kama da irinsu ba izini, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara goma ba. Kashi na biyu, irin su bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu da bindigar iska, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne masu ɗuri ta baki, waɗanda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke kula da su. Dokar ta hana lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mashayi, da wanda aka hukunta kan tashin hankali cikin shekaru biyar da suka gabata, har da mai raunin gani. A 2023 kuma Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sababbin lasisi. Shigo da kayan tsaro daga waje, kamar sassan makamai da na'urar gani da dare, sai da takardar izini daga ofishin Mai Bai wa Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa a ƙarƙashin wannan ofishi a 2021, ofishinta na shiyyar Arewa ta Tsakiya a Minna yake. Farauta a gandun dajin Kainji, ɓangaren Borgu ne ko na Zugurma, ita ma laifi ce ko da wace irin bindiga.

A halin da jihar Neja ke ciki, bayan abin da mutanen Shiroro da Rafi da Munya da Mariga suka gani a hannun 'yan bindiga, wanda aka tsinci madubin saiti a jakarsa a shingen bincike zai sha tambaya, kuma "a intanet na gani na saya" ba amsar da za ta fisshe shi ba ce. A ganina farar hula ba shi da abin yi da shi.

Wanda ke buƙatar hangen nesa don halal ɗinsa, makiyayi mai neman saniyar da ta ɓalle, ko manomi mai gadin shinkafa, ko ɗan kwamitin duban wata, madubi mai ido biyu ya ishe shi, kuma lissafinsu ɗaya da wanda aka yi a sama. Mai 8x42 ya wadatar da rana, mai 7x50 ya fi kama haske da magariba. Abin da ya haura ninki goma hannu ba ya iya riƙe shi tsaye sai da abin ɗorawa. Idan mai kaya ya nuna maka ɗan ƙarami mai shiga aljihu da aka rubuta wa ninki 80 ko 100, ajiye masa kayansa. Kafin ka biya, fita da shi waje ka dubi rubutun wani allo mai nisa: idan gefen haruffan na fitar da launin bakan gizo, ko ka ga abu ya zama biyu, ko kanka ya fara sarawa, ba shi da kyau.

Mai bindiga da lasisi kuma kada ya mai da madubin bindigarsa abin leƙen ko wane ne ke tahowa, don duk abin da ya leƙa ya riga ya auna shi da bakin bindiga. Masu duban wata, ku jira rana ta faɗi gaba ɗaya kafin ku ɗaga madubi yamma, ku kuma ja wa yara kunne: duban rana ta cikinsa na ƙona ido cikin ƙiftawa, kuma ganin da ya tafi ta wannan hanya sau da yawa ba ya dawowa.